Dakta, ki daina cikawa daga albashinki

Anti, barka da aiki. Ni likitar dabbobi ce, shekarata uku da gama karatu. Ina aiki a wani ƙaramin asibitin karnuka da kyanwoyi, mu biyu ne likitoci, ni da mai asibitin, wanda a haife ya haife ni. Ina son aikin, amma ya fara cin raina. Duk sanda aka kawo dabba ba lafiya, mai ita ya ce ba shi da hali, sai in kasa cewa a'a, in cire daga albashina in cika a ɓoye. Wata ba ya ƙarewa sai na ci bashi. Maigidan nawa, wato mai asibitin, ya gano, ya yi mini faɗa, ya ce asibiti ba gidan sadaka ba ne. Makonni uku da suka wuce aka kawo wani kwikwiyo ɗan wata uku yana amai da gudawar jini, cutar farbo ce. Na ce wa mai shi sai an kwantar da shi kwana huɗu ko biyar ana yi masa ƙarin ruwa. Da ya ji kuɗin sai ya ce, "Da da gaske kuke son dabbobi, da ba ku tsaya kan kuɗi ba." Ya ɗauki abinsa ya tafi. Bayan kwana biyu ya dawo da shi ya galabaita, ya mutu a hannuna. Tun ranar barci ya gagare ni. Ga shi kuma maigidan ya ce in sa hannun jari mu mallaki asibitin tare, don shekaru sun fara ja masa. Ni kuwa tunanin barin aikin gaba ɗaya nake yi. Anti, laifina ne? In karɓi tayin ko in kama gabana?

Ƙanwata Dakta, sannu da wannan nauyi. Ina isa inda kika ce amai da gudawar jini sai warin ya dawo mini a hanci. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin da ake killace kwiyakwiyai ya san shi, warin jinin da ya lalace a hanji, wanda ke bin rigar mutum har gida ko ya wanke hannu sau goma. Na san kuma yadda kwikwiyo ke zama a rana ta uku: ido ya faɗa, dasashi ya yi fari, ki ja fatar wuyansa ta tsaya cak ta ƙi komawa. Saboda haka ba daga nesa nake yi miki magana ba.

Ba ke kika kashe shi ba, farbo ce. Kin fi ni sanin halinta tunda karatunki ya fi nawa sabunta, amma bari in maimaita don masu karatu. Ƙwayar cutar ta bayyana a karnuka a 1978, kafin a ankara ta zagaye duniya. Inda ƙwayoyin jiki ke saurin hayayyafa take nema, wato bangon hanji da ɓargo. Ta saluɓe hanji, ruwa ya yi ta zuba, ƙwayoyin cutar da ke cikin hanjin su samu hanyar shiga jini, a daidai lokacin da ɓargon ya kasa fitar da fararen ƙwayoyin jinin da za su tare su. Kwikwiyon da aka bari haka nan, galibi ba ya tashi. Wanda aka kwantar aka riƙe shi da ruwa da magani har jikinsa ya farfaɗo, galibi yana tashi. Abin da kika faɗa wa mutumin gaskiya ne, kuma shi ne magani mafi kyau.

Sai dai akwai inda nake ganin kin yi tuntuɓe, kuma zan faɗa miki saboda na ga kina da zuciyar da za ta ɗauka. Hanya ɗaya kika nuna masa. Da ya ga ta fi ƙarfinsa, abin da ya rage masa shi ne ƙofar fita.

A 2017 likitocin Jami'ar Jihar Kolorado a Amurka suka fitar da sakamakon wani gwaji a kan karnuka 40 masu farbo. An raba su gida biyu. Dukkansu an fara yi musu ƙarin ruwa ta jijiya har suka ɗan dawo hayyacinsu. Daga nan rabi suka ci gaba da cikakkiyar kulawar kwanciya. Sauran rabin aka bi da su ta hanyar da za a iya yi ba tare da kwanciya ba: ruwa a ƙarƙashin fata, allura ɗaya ta kashe ƙwayoyin cuta mai daɗewa a jiki, allurar tsayar da amai, abinci kaɗan-kaɗan ta sirinji, da ƙarin sukari da sinadarin fotasiyam ta baki in jini ya nuna sun yi ƙasa. A rukunin farko 18 cikin 20 suka rayu, a na biyu 16 cikin 20. Kada mu zuzuta abin fiye da kima. Karnukan ba su da yawa, kuma har na rukuni na biyun a asibiti aka ajiye su ana sa musu ido, ba a gidan mutumin da zai fita aiki tun safe ba. Duk da haka ki dubi tazarar da ke tsakanin 16 cikin 20 da kwikwiyon da aka naɗe a tsumma aka koma da shi gida ba ko allura ɗaya.

Da za a mayar da ke wannan ranar, abin da zan so in ji daga bakinki shi ne: "Malam, abin da ya fi shi ne mu kwantar da shi, ga abin da zai ci. In hakan ya yi maka nauyi, akwai wata hanya. Mu yi masa ruwa da allura yanzu, ka tafi da shi, ka riƙa dawo da shi kullum da safe, in nuna maka yadda za ka ba shi abinci. Ba ta kai ta farko tabbas ba, amma da yawa suna tashi ta haka. Wacce za ka iya?" Ki faɗi duka biyun a jere, da murya ɗaya, kafin ya buɗe baki ya ce ba shi da shi. In kika bari sai ya fara jin kunya sannan kika fito da ta biyu, zai ji kamar ragowa kika miƙa masa.

Ban ga laifinki sosai a nan ba, domin haka aka horar da mu duka. A makaranta magani mafi inganci ake koya mana, shi ake tambaya a jarrabawa, sai mu fito muna ganin duk abin da ya gaza shi cin amanar dabba ne. Shekaru na yi kafin in gane cewa kulawa matakai gare ta, kuma gwanintar likita ita ce sanin wace cuta ce ke da matakai, wace ce ba ta da su. Tsohuwar kyanwa mai ciwon ƙoda tana iya shekara cikin daɗi da canjin abinci da ruwan ƙarƙashin fata da mai ita zai koyi yi a gida. Kare mai ƙaiƙayi ba dole sai an yi masa duk gwaje-gwajen duniya a rana ɗaya ba, ana iya farawa da abin da ya fi yiwuwa a ga yadda zai karɓa. Amma muzurun da fitsari ya toshe masa, yana ta zarya yana nishi, mararsa ta yi tauri kamar dutse, wannan ba shi da rabin magani. Ko a buɗe masa hanya yau, ko fotasiyam ya taru a jini ya tsayar da zuciyarsa cikin kwana biyu zuwa uku. Haka karyar da mahaifarta ta cika da mugunya, kusan kullum tiyata ce mafitarta. A irin waɗannan kada ki yi wa mai dabba romon baka. Ki ce masa hanya biyu ce kawai, gyara ko hutar da ita da allurar da za ta ɗauki ranta ba tare da wahala ba, kuma komawa da ita gida a haka ba ya cikin lissafi.

Wannan shi ne iyakar da ni na shata wa kaina, kuma ita nake ba ki aro: komai talaucin mai ita, dabba ba ta fita daga wurina cikin azaba ba tare da an yi wani abu a kan azabar ba. Tun rahoton kwamitin Brambell a Ingila a 1965, wanda daga baya aka tsamo 'yancin dabba guda biyar daga cikinsa, kuɓuta daga ciwo da rauni da cuta na cikin jerin. Don dabbobin gona aka tsara su, amma sun dace da teburinmu. Kuma kin san kyanwa da ɓoye ciwo. Sai ta lafe a lungu shiru, mai ita ya ce ai ta samu sauƙi. Shi ya sa na ji daɗin ma'aunin da masu bincike a Jami'ar Montreal ta Kanada suka fitar a 2019, wanda ake karanta ciwon kyanwa a fuskarta: kunne ya baje gefe, ido ya tsuke, baki ya ɗaure, gashin baki ya miƙe gaba, kai ya sunkuya ƙasa da kafaɗa. Ki manna hoton a bango, ki riƙa nuna wa masu kyanwoyi, su ma su koya.

Akwai wani dalilin da ya sa ba na barin mutum ya tafi hannu rabbana. Wanda ya fita ba a ba shi komai ba, ba zama zai yi ya naɗe hannu ba. Akwatin maganin gidansa zai buɗe. Na taɓa karɓar kyanwar da mai ita ya ba ta farasitamol don tausayi, ya ga tana ɗingishi. Ta zo fuska a kumbure, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, tana numfashi da ƙyar. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani yadda tamu ke yi, ƙwaya ɗaya tana iya kai ta lahira. Mutumin yana tsaye yana cewa "ai rabi kawai na ba ta." Wani wuri ya fara kai ta, aka faɗa masa kuɗin hoton ƙashi, ba a ce masa komai bayan haka ba.

Yanzu maganar da ya yaɓa miki. Na san ita ce ke dawo miki da tsakar dare, fiye ma da mutuwar kwikwiyon. Babu likitan dabbobin da ya daɗe a aiki bai ji ta ba. Kunya ce ke fito da ita. Mutum yana son dabbarsa, an faɗi kuɗi a gaban jama'a, aljihunsa bai kai ba, sai ya nemi wanda zai ɗora wa. Ke ce a tsaye a gabansa. Wani masanin falsafa Ba'amurke, Bernard Rollin, wanda ya daɗe yana koyar da ɗaliban likitancin dabbobi ɗa'ar aiki, yakan tambaya: likitan dabbobi bakanike ne ko likitan yara? Bakanike abin da mai mota ya ce shi ake yi, in ya ce a bar ta a haka sai a bar ta. Likitan yara kuwa yaron ne a gabansa, ko da uban ne zai biya. Mu muna aiki da zuciyar likitan yara, amma ana biyanmu kamar bakanike. Lokacin da Claude Bourgelat ya kafa makarantar likitancin dabbobi ta farko a birnin Liyon na Faransa a 1761, dawakai da shanu ne abin damuwa, kuma lissafinsu a fili yake: in magani ya fi kuɗin dabba, an gama magana. Kare da kyanwa ba su da wannan lissafin. Ƙauna ce ke kawo su, ita kuwa ƙauna ba ta duba aljihu kafin ta shiga. Wannan ramin da ke tsakanin abin da mutum ke ji da abin da zai iya biya, kin tarar da shi a sana'ar, kuma albashinki ba zai cike shi ba.

Ga maganar albashin. Maigidanki ya faɗi gaskiya, ko da ya faɗe ta da kaushi. Kuɗin da mutumin ya ji ya razana, ke kin san inda yake tafiya: ruwan ƙari, allurai, maganin sa barci, firjin da alluran rigakafi ke ciki wanda ba ya hutawa dare da rana, haya, da albashin wanda ke wanke kejin farbo da hannunsa. Ni ma na yi irin naki a farkon buɗe wurina. Ina da wani littafi mai jan bango da nake rubuta masu cewa "gobe zan kawo." Wani ƙarshen wata na kasa biyan mataimakiyata, yarinyar da ke da ƙanne a wuyanta. Ta ce ba komai, za ta jira. Ranar na gane da kuɗinta nake yin kyauta, ana gode mini. Akwai kuma wata illar da ba ki lura da ita ba. Taimakon ɓoye ba ya bin wanda ya fi buƙata, yana bin wanda ya iya kuka a gabanki ne. Tsohuwar da ta ji kuɗi ta yi shiru ta ce za ta dawo, ita ba ta samu komai ba.

Kada ki kashe tausayin, ki yi masa shinge. Ki zauna da maigidan ku ware wani adadi kowane wata daga kuɗin asibiti don marasa hali, a rubuce, da sharaɗin wa ya cancanta da irin cutar da za a kashe wa. In akwai masu hali cikin masu zuwa da ke son sa hannu, a ba su dama. In na wata ya ƙare, ya ƙare, ba ke za ki cika ba. A riƙa ba kowa ƙiyasin kuɗi a takarda kafin a taɓa dabbarsa, a karɓi kafin alƙalami, wanda aka sani kuma a bar shi ya biya kashi-kashi. In kina neman inda ɗan abin da kuka ware zai fi yin aiki, ki dubi teburin rigakafi. Kwikwiyon da aka fara yi wa allura yana ɗan sati 6 zuwa 8, aka maimaita duk bayan sati 2 zuwa 4 har ya kai sati 16, da wuya ki gan shi a ɗakin killacewa. Kuɗin jinyar farbo ɗaya zai yi wa kwiyakwiyai da yawa rigakafi. Haka allurar ciwon haukan kare, cutar da ake ƙiyasin tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara a duniya, kusan duka ta cizon kare. Wannan allurar har yaran gidan take karewa.

Ban manta da hanya ta ƙarshe ba. Wata rana babu kuɗi, babu mataki na biyu, dabba kuma tana shan wuya. Hutar da ita a irin wannan hali aikin likita ne, kada ki lissafa shi cikin faɗuwarki. Ki yi shi da kyau. Ki fara da allurar da za ta sa ta barci, ki shimfiɗa mata tawul don kada ta ji sanyin tebur, ki gaya wa mai ita tun da wuri cewa idon ba zai rufe ba kuma tana iya jan numfashi sau ɗaya bayan zuciya ta tsaya, don kada ya firgita. Ki bar shi ya ɗora mata hannu. Maganar kuɗi a gama ta kafin a shiga ɗakin.

Barcin da ya gagare ki kuwa, ba zan wuce shi da sauri ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da bincike a 2019 a kan likitocin dabbobin ƙasar da suka rasu tsakanin 1979 da 2015. Ta gano cewa kashe kai a tsakanin matansu ya ninka na sauran jama'a sau 3.5, a mazansu sau 2.1. Alƙaluman na Amurka ne, amma abubuwan da ake dangantawa da su kin san su: doguwar rana, bashi, fushin masu dabbobi, sanin abin da ya kamata a yi da rashin ikon yin sa, ga kuma magunguna masu haɗari a kusa da hannu. Shi ya sa zan tambaye ki kai tsaye, kamar yadda zan tambayi ƙanwar da muka fito ciki ɗaya. In tunanin cutar da kanki ya taɓa gifta miki, ki faɗa wa wani na kusa da ke yau, ki ga likita, ki miƙa wa maigidan makullin akwatin magani. In bai kai nan ba, amma rashin barcin ya ƙara sati biyu, ki je a duba ki. Kuma ki nemi wata abokiyar karatu da ke irin aikinki ku riƙa magana. Wanda bai taɓa riƙe kwikwiyo yana mutuwa ba zai ce miki "ai kare ne kawai," ki dawo da ciwo biyu.

Tayin hannun jari: kada ki ce e, kada ki ce a'a. Ki ce ya ba ki wata shida. Mutum ba ya sayen asibiti ko ya bar sana'a a kan sati uku na rashin barci. Cikin watannin ki nemi ganin littattafan kuɗi na shekarun baya, abin da ke shiga, abin da ke fita, da bashin da ake bin wurin. Ki sani mai asibiti rabin ranarsa a kan odar magani da albashi da haraji take ƙarewa, kuma ba kowane gwanin tiyata ke jin daɗin wannan ba. Ki kai masa maganar asusun marasa hali da maganar nuna wa mutane hanya fiye da ɗaya, ki ga yadda zai karɓa, domin amsarsa za ta gaya miki ko za ku iya zama inuwa ɗaya shekara goma. Ku yi maganar wa ke kwana da waya, da abin da za ku ce in aka kawo lafiyayyar dabba a ce a kashe ta don an gaji da ita. Duk abin da kuka amince, lauya ya rubuta. In kuma bayan wata shidan kika ga ɗakin jinya ba wurinki ba ne, takardarki tana da aiki a ɗakin gwaje-gwaje, a koyarwa, a kiwon lafiyar al'umma, a kamfanonin magani. Amma in kin tambayi ra'ayina, wannan wasiƙa ba ta mai son tafiya ba ce. Ta wadda ta gaji ce.

Akwai aiki ɗaya da ya rage miki a kan wannan kwikwiyon. Ki kira mai shi. Kada ki ambaci allurar rigakafin da bai yi ba, ya riga ya sani. Ki yi masa jaje, sannan ki gaya masa ƙwayar farbo tana iya yin watanni da rai a tsakar gida. Ya wanke ƙazantar tukuna, sannan ya bi daɓe da kwanuka da bilic, kashi 1 cikin kashi 30 na ruwa, ya bari ya jiƙa minti goma kafin ya ɗauraye. Tsummokaran ya zubar. Ƙasa ba ta wankuwa, don haka kada ya yi saurin kawo wani ƙaramin kwikwiyo, in kuma zai kawo, ya zama wanda ya gama allurarsa. Wataƙila ya saurare ki har ƙarshe, wataƙila ya kashe wayar tun kina sallama. In ya kashe, ki ajiye taki, ki ci abinci, ki kwanta.